Yadda Ake Saita Halayen Mutex a Shirin Kwamfuta Mai Zare Da Yawa

Akasarin masu rubuta kod da harshen C a kan Linux layi ɗaya suka sani game da mutex, makullin da ke hana zare biyu, wato layukan aiki da ke gudana lokaci guda a cikin shiri ɗaya, taɓa bayanai guda tare. Su rubuta `pthread_mutex_t makulli = PTHREAD_MUTEX_INITIALIZER;` a saman fayil, su kulle, su buɗe, su wuce abinsu. Wannan mutex yana aiki, kuma yana da sauri. Matsalarsa ita ce alƙawarin da ya ɗauka ya tsaya ne a kan sharaɗin cewa ba za ka taɓa yin kuskure ba, babu zaren da zai mutu yana riƙe da shi, kuma duk masu jiransa darajarsu ɗaya. Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan ya karye, ba zai ce maka uffan ba. Shirin zai tsaya cak, ko ya ci gaba da aiki a kan bayanan da suka lalace, wanda shi ya fi muni.

Aikin mutex ba boyayye ba ne. Idan zare biyu ko fiye a cikin shiri ɗaya suna taɓa bayanai guda, dole a tabbatar ɗaya ne kawai ke ciki a kowane lokaci. Kamar makullin sito ne da yaran shago ke karɓa a hannun juna: wanda ya riƙe shi ya shiga, saura su jira a ƙofa. Edsger Dijkstra ya bayyana wannan matsala da maganinta tun 1965. Ƙa'idar POSIX ta zare, wadda aka fi sani da pthreads, ta fito a 1995, kuma ita ce za mu bi a nan, a kan Linux da glibc, laburaren C na GNU.

Ƙa'idar ta ba ka damar amsa tambayoyi huɗu kafin mutex ya fara aiki. Me zai faru idan mai riƙe da shi ya sake kulle shi? Shin wani furoses na daban, wato wani shiri mai gudana da nasa memori, zai yi tarayya a cikinsa? Idan mai riƙe da shi ya mutu fa? Idan kuma mai jira ya fi mai riƙewa gaggawa? Ni a ganina, duk mutex ɗin da za a saka a shirin da mutane za su dogara da shi, ya kamata a yi masa waɗannan tambayoyi, ko da a ƙarshe amsar ita ce a bar shi yadda yake.

## Mataki na farko: ka fara sauraron abin da kira ke dawo da shi

Kafin kowane saiti, ga abin da in babu shi sauran duk aikin banza ne. Kiraye-kirayen pthreads ba sa ajiye kuskure a `errno` kamar yadda `open` ko `read` ke yi. Lambar kuskuren suke miƙo maka kai tsaye: sifili in an yi nasara, wata lamba in an samu matsala. Wanda ya rubuta `perror` bayan `pthread_mutex_lock` zai ga saƙon da ba shi da alaƙa da abin da ya faru. Saboda haka sai ka fara da ɗan mataimaki kamar wannan:

```c
#define _GNU_SOURCE
#include <pthread.h>
#include <errno.h>
#include <stdio.h>
#include <stdlib.h>
#include <string.h>

static void duba(int sakamako, const char *wuri)
{
    if (sakamako != 0) {
        fprintf(stderr, "%s: %s\n", wuri, strerror(sakamako));
        abort();
    }
}
```

An zaɓi `abort` da gangan. Yana tsayar da shirin nan take a daidai wurin da kuskuren ya auku, yadda za ka iya bin sawunsa da gdb, manhajar bin diddigin kurakurai. Wajen harhaɗa kod ɗin ka sa `-pthread`, misali `gcc -g -Wall -pthread asusu.c -o asusu`. Tun daga glibc 2.34 na shekarar 2021 an narkar da laburaren zare a cikin babban laburaren C, don haka sau da yawa kod na harhaɗuwa ko ba a sa ba, amma ka riƙa sawa, domin ba ka san na'urar da za a kai shi gobe ba.

## Mataki na biyu: kundin saiti

Ba a saita mutex kai tsaye. Ana cika wani kundi mai nau'in `pthread_mutexattr_t`, sannan a miƙa shi lokacin ƙirƙirar mutex ɗin.

```c
pthread_mutex_t makulli;

void shirya(void)
{
    pthread_mutexattr_t saiti;
    duba(pthread_mutexattr_init(&saiti), "attr_init");
    duba(pthread_mutexattr_settype(&saiti, PTHREAD_MUTEX_ERRORCHECK), "settype");
    duba(pthread_mutex_init(&makulli, &saiti), "mutex_init");
    pthread_mutexattr_destroy(&saiti);
}
```

Da zarar `pthread_mutex_init` ta dawo, mutex ya kwashi halayensa, ba ya ƙara waiwayar kundin. Kana iya rushe kundin, ko ka ƙirƙiri wasu mutex ɗari da shi. Sauya kundin daga baya ba ya taɓa waɗanda aka riga aka ƙirƙira. Abu biyu kuma haramun ne: kwafar mutex da `memcpy` ko da alamar daidai, da sake kiran `init` a kan wanda ke aiki. A kwamfuta mai x86-64 girmansa bayit 40 ne kacal, yana da sauƙin shiga cikin kwafin wani `struct` ba tare da ka lura ba, kuma kwafin ba mutex ba ne a idon ƙa'ida.

## Mataki na uku: zaɓen nau'i

Nan ne tambayar farko take, kuma nan ya kamata a fi daɗewa.

`PTHREAD_MUTEX_NORMAL` ba ya bincika komai. Zaren da ke riƙe da shi in ya sake kulle shi, zai zauna jiran kansa har abada. In wani zare da ba shi ya kulle ba ya buɗe shi, ƙa'ida ba ta faɗi abin da zai biyo baya ba. A glibc yawanci buɗewa kawai yake yi, sai zare biyu su haɗu a cikin bayanan da ake karewa. `PTHREAD_MUTEX_DEFAULT`, wanda kake samu in ba ka zaɓi komai ba, daidai yake da NORMAL a glibc, amma ƙa'ida ta bar wa kowane tsari ya fassara shi yadda ya ga dama.

`PTHREAD_MUTEX_ERRORCHECK` yana duba wane ne mai shi. Sake kullewa na dawo da `EDEADLK`, lamba 35 a Linux ta x86, kuma mataimakinmu zai buga `Resource deadlock avoided`. Buɗe wanda ba naka ba, ko wanda dama a buɗe yake, na dawo da `EPERM`, lamba 1. Gwada shi yanzu: kira `pthread_mutex_lock` sau biyu a jere ta cikin `duba`. Da NORMAL allon zai yi shiru, shirin ya cije. Da ERRORCHECK za ka ga saƙon da sunan wurin cikin ƙiftawar ido.

Shawarata ita ce wannan nau'i ya zama na farko da hannunka ke kaiwa gare shi. Tsadarsa kwatanta lambar zare ce kawai a kowane kulli da buɗi. Tun da aka shigar da futex, hanyar kwantar da mai jira da tashinsa, cikin Linux a 2002, kulle mutex da babu mai takara a kansa ba ya ma shiga kenel, wato cibiyar tsarin da ke raba wa kowa lokacin aiki. Umarni ɗaya ne na furosesa (CPU) da ba ya rabuwa. Ƙarin binciken bai kai abin da yawancin shirye-shirye za su ji ba. Wasu na kunna ERRORCHECK lokacin gwaji su koma NORMAL a wanda za a fitar. Hakan ba laifi ba ne, amma kurakuran zare sun fi bayyana a hannun masu amfani fiye da ɗakin gwaji, don haka ni na fi son a bar shi a kunne sai in awo ya nuna yana jawo jinkiri.

Amma a san iyakarsa. ERRORCHECK shi kaɗai ba ya gano kiki-kaka tsakanin zare biyu: na farko ya riƙe mutex A yana jiran B, na biyu ya riƙe B yana jiran A. Maganin wannan ba a kundin saiti yake ba, a tsarin kod yake. Ka kafa jeri guda na kamawa, kowa ya bi. In ana tura kuɗi tsakanin asusu biyu kowanne da mutex ɗinsa, a fara kama mai ƙaramar lamba ko da wane ne ke turawa.

Sai `PTHREAD_MUTEX_RECURSIVE`. Wannan yana ƙirge: mai shi na iya kulle shi sau uku, kuma ba zai saku ba sai ya buɗe sau uku. Yana da daɗin sha'ani a ido, musamman ga wanda ya taso da Java, inda `synchronized` ke aiki haka. Sau da yawa ana komawa gare shi ne bayan an ga `EDEADLK`: fankshan `tura` ta kulle, ta kira `cire`, ita ma ta kulle, sai a ce bari a mayar da shi RECURSIVE a huta.

Ina jan kunne a kan wannan hutun. Dalilin kulle mutex shi ne za ka bar bayanai a hargitse na ɗan lokaci. Fankshan da ta kama mutex tana ɗauka ta tarar da komai daidai. Da RECURSIVE wannan zato ya rushe, domin tana iya shigowa a tsakiyar aikin wata fankshan ta zarenta, an cire kuɗi daga nan ba a kai ga zubawa can ba. Ga kuma tarko na biyu: `pthread_cond_wait`, wadda ke sakin mutex ta kwanta jira har wani zare ya tashe ta, hawa ɗaya kawai take sakewa. In ka kulle sau biyu ka shiga jira, mutex na nan a hannunka, wanda zai tashe ka ba zai samu shiga ba, an yi kiki-kaka.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce raba kowace fankshan gida biyu. Ta waje, `cire`, ta kulle, ta kira ta ciki, ta buɗe. Ta ciki, `cire_a_kulle`, ba ta taɓa mutex, kuma sunanta ya gaya wa kowa sharaɗinta. Sai `tura` ta kulle sau ɗaya ta kira na ciki. Inda RECURSIVE ke da hujja shi ne tsohon kod da ba a rubuta shi don zare ba, ko laburaren da ke kiran kod ɗin mai amfani yana riƙe da mutex, wanda ba ka da ikon sake masa fasali.

Akwai na glibc kaɗai, `PTHREAD_MUTEX_ADAPTIVE_NP`, wanda ke ɗan juyawa yana sake gwadawa kafin ya kwanta jira. Yana taimakawa in riƙon gajere ne sosai kuma na'urar na da furosesa da yawa. Kada ka sa shi sai ka auna.

## Mataki na huɗu: tarayya tsakanin furoses

A saitin asali, `PTHREAD_PROCESS_PRIVATE`, mutex na zaren furoses ɗaya ne. In furoses biyu za su yi aiki a kan memori guda, sai mutex ɗin ya zauna a cikin wannan memorin kuma a sanar da shi:

```c
#include <sys/mman.h>

struct rumbu {
    pthread_mutex_t makulli;
    int  ana_tura, daga, zuwa;
    long tsohon_daga, tsohon_zuwa;
    long asusu[100];
};

struct rumbu *r = mmap(NULL, sizeof *r, PROT_READ | PROT_WRITE,
                       MAP_SHARED | MAP_ANONYMOUS, -1, 0);

duba(pthread_mutexattr_setpshared(&saiti, PTHREAD_PROCESS_SHARED), "pshared");
duba(pthread_mutex_init(&r->makulli, &saiti), "mutex_init");
```

Mantawa da `setpshared` kuskure ne mai wuyar kamawa. Muddin babu takara, komai zai tafi lafiya, tun da kulli da buɗi duk a memori suke faruwa. Ranar da wani ya kwanta jira, kenel zai ajiye shi a layin da furoses ɗinsa kaɗai ke gani, mai buɗewa ya yi kiran tashi a nasa layin, babu wanda ya ji.

Misalin sama na uwa da 'ya'yanta ne: uwa ta shirya komai, sannan ta kira `fork`, wadda ke haifar da sabon furoses. In furoses ɗin ba su da dangantaka, sai a yi amfani da `shm_open`, `ftruncate` da `mmap`. A nan tambayar ita ce wa zai kira `init`, domin sau ɗaya tak ake yi. Buɗe da `O_CREAT | O_EXCL`. Wanda ya yi nasara shi ne mai shiryawa, in ya gama ya ɗaga wata tuta a memorin, saura su jira tutar kafin su taɓa mutex. Kada ka ajiye manuni (pointer) a cikin memorin tarayya, domin kowane furoses na iya ganin memorin a adireshi daban. Ajiye lambar gurbi, kamar yadda `daga` da `zuwa` suke a sama. In akwai `pthread_cond_t` a ciki, ita ma tana buƙatar nata `pthread_condattr_setpshared`.

## Mataki na biyar: idan mai riƙewa ya mutu

Da zarar mutex ya zama na tarayya, wannan tambaya ta zama dole. A cikin furoses ɗaya, in zare ya taka wurin da bai kamata ba a memori, yawanci kowa ke mutuwa tare. Tsakanin furoses kuwa ɗaya na iya faɗuwa, ko a kashe shi da `kill -9`, ko kenel ya kashe shi saboda memori ya ƙare, saura na nan da rai suna jira. Saitin asali, `PTHREAD_MUTEX_STALLED`, zai bar su suna jira har abada.

```c
duba(pthread_mutexattr_setrobust(&saiti, PTHREAD_MUTEX_ROBUST), "robust");
```

Linux ta samu abin da wannan ke dogara a kai a sigar 2.6.17 ta 2006, ƙa'idar POSIX ta 2008 kuma ta karɓe shi. Kowane zare na riƙe da jerin irin waɗannan mutex da ke hannunsa, kenel ya san inda jerin yake. In zaren ya mutu, kenel ya bi jerin ya yi wa kowanne alama, ya tashi mai jira. Wanda ya zo kullewa na gaba zai samu `EOWNERDEAD`, lamba 130, `Owner died`.

Abin da mutane ke kuskurewa: `EOWNERDEAD` ba gazawa ba ce. Mutex yana hannunka. Ana gaya maka ne cewa wanda ya gabace ka ya tafi a tsakiyar aiki, kuma gyara ya rataya a wuyanka. In ka gyara, ka kira `pthread_mutex_consistent`, mutex ya koma yadda yake. In ka buɗe shi ba tare da wannan kira ba, ya mutu ke nan. Duk wanda ya zo bayanka zai samu `ENOTRECOVERABLE`, lamba 131, kuma ba abin da ya rage sai a rushe shi a ƙirƙiri sabo.

Kiran `consistent` ido rufe, ba tare da gyara komai ba, ya fi tsayawa cak haɗari. Ka ɗauka ana tura naira 5,000 daga asusu na 3 zuwa na 7. An cire daga na 3, furoses ya mutu kafin a zuba a na 7. In ka ce komai daidai ne ka wuce, kuɗin sun ɓace kuma babu wanda zai sani sai ranar lissafi. Saboda haka mai turawa ya bar sawu kafin ya fara: ya rubuta lambobin asusun biyu da tsofaffin kuɗinsu, ya ɗaga `ana_tura`, ya yi aikin, ya sauke tutar. Mai kullewa kuma ya bi ta wannan ƙofa:

```c
int kama(struct rumbu *r)
{
    int s = pthread_mutex_lock(&r->makulli);
    if (s == EOWNERDEAD) {
        if (r->ana_tura) {
            r->asusu[r->daga] = r->tsohon_daga;
            r->asusu[r->zuwa] = r->tsohon_zuwa;
            r->ana_tura = 0;
        }
        s = pthread_mutex_consistent(&r->makulli);
    }
    return s;
}
```

Lura da cewa gyaran maido da tsohuwar ƙima yake yi, ba ƙari ko ragi ba. Dalili shi ne mai gyaran ma na iya mutuwa kafin ya kai ga `consistent`, kuma na bayansa zai sake samun `EOWNERDEAD` ya maimaita gyaran. Gyaran da za a yi sau biyu a samu sakamako ɗaya shi ake so. Wani abin kuma: mai harhaɗa kod na iya ganin ka sa `ana_tura` ya zama 1 sannan 0, ya share na farkon a matsayin aikin banza, ko ya sauya jerin rubutun. Sa `atomic_signal_fence(memory_order_seq_cst)` daga `<stdatomic.h>` tsakanin matakan, a wurin turawa da wurin gyara. `pthread_cond_wait` ma na iya dawo da `EOWNERDEAD`, tun da ita ma kullewa take yi a ƙarshe.

Gwajin ba shi da wuya. Yi `fork`, ɗan ya kulle, ya cire kuɗin, ya kira `kill(getpid(), SIGKILL)`. Uwar ta jira shi da `waitpid`, ta kira `kama`, ta buga jimillar duk asusun. Jimillar ta zama daidai da ta farko.

Wannan kariya tana aiki ne kawai in kenel na raye ya ga mutuwar. In ka ɗora mutex a kan fayil na faifai ta `mmap`, aka ɗauke wuta yana kulle, bayan kwamfuta ta tashi fayil ɗin na iya nuna shi a kulle da sunan zaren da babu shi, kuma ba wanda zai yi masa alama. A inda ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, wannan ba hasashe ba ne. Ajiye mutex a memorin `shm_open`, wanda a Linux ke zaune a `/dev/shm` kuma yake gogewa in an sake kunna na'ura, ko kuma shirin ya sake ƙirƙirar sa a farkon tashi. Sannan macOS ba ta da wannan saiti, in kana son kod ɗinka ya je can.

## Mataki na shida: fifiko

Ranar 4 ga Yuli 1997 kumbon Pathfinder na hukumar NASA ta Amurka ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki kwamfutarsa ta fara sake kunna kanta. Tana aiki ne da tsarin VxWorks. Wani aiki mai ƙaramin fifiko, mai tattara bayanan yanayi, yakan riƙe wani mutex. Aiki mai babban fifiko, mai rarraba bayanai tsakanin na'urorin kumbon, ya zo yana jiran mutex ɗin. Kafin ƙaramin ya saki, sai ayyuka masu matsakaicin fifiko su ture shi daga furosesa. Babban na jiran ƙarami, ƙarami na jiran matsakaita, har wa'adin babban ya wuce, tsarin ya ɗauka an samu babbar matsala ya sake kunna komai. Injiniyoyin cibiyar JPL sun maimaita matsalar a kwafin kumbon da ke ƙasa, suka gano ta, suka aika gyara da ya kunna gadon fifiko a kan wannan mutex. Hanyar ba sabuwa ba ce a lokacin. Lui Sha, Ragunathan Rajkumar da John Lehoczky sun wallafa bayaninta a 1990. Saitin yana nan a tsarin, a kashe yake kawai.

A pthreads ga shi:

```c
duba(pthread_mutexattr_setprotocol(&saiti, PTHREAD_PRIO_INHERIT), "protocol");
```

Da wannan, in zare mai fifiko 30 ya tsaya jiran mutex da ke hannun mai fifiko 10, kenel zai ɗaga na 10 zuwa 30 har ya saki, sannan ya mayar da shi matsayinsa. Mai fifiko 20 ba zai iya shiga tsakani ba. Linux ta samu wannan a sigar 2.6.18, ita ma a 2006. In babu takara ba a shiga kenel, don haka tsadarsa ba ta da yawa.

Ɗayan zaɓin shi ne `PTHREAD_PRIO_PROTECT` tare da `pthread_mutexattr_setprioceiling`. A nan kai ke faɗin rufi, wato fifikon zare mafi girma da zai taɓa kama mutex ɗin, kuma duk wanda ya kama shi ana ɗaga shi zuwa rufin nan take, ko da mai jira ko babu. In zaren da fifikonsa ya haura rufin ya zo kullewa, zai samu `EINVAL`. Yana sauƙaƙa lissafin mafi munin jinkiri, amma a glibc sauya fifikon na nufin shiga kenel a kulli da buɗi, kuma duk ranar da aka sauya fifikon wani zare sai an sake duba rufin. In ba kana gina tsarin da dole a tabbatar da lokutansa a takarda ba, INHERIT ya wadatar.

Duk wannan ya shafi zare masu gudana a `SCHED_FIFO` ko `SCHED_RR` ne, inda fifiko ke tsakanin 1 da 99 kuma babba ke ture ƙarami ba sassauci: sarrafa sauti, injinan masana'anta, mutum-mutumi. A shirin yau da kullum kowane zare na samun rabonsa, jinkirin ba ya zama na dindindin. Don gwaji, ƙirƙiri zare uku masu fifiko 10, 20 da 30. Ka tuna da `pthread_attr_setinheritsched` da `PTHREAD_EXPLICIT_SCHED`, in ba haka ba sabon zare zai gaji fifikon mahaifinsa ya yi watsi da naka. Kana buƙatar izinin root ko `CAP_SYS_NICE`. Ɗaure shirin a furosesa ɗaya da `taskset -c 0 ./gwaji`, domin a na'ura mai furosesa da yawa ƙaramin zai samu wani gurbi ya gama, matsalar ta ɓuya. Na 10 ya kulle ya yi ɗan aiki, na 30 ya zo jira, na 20 ya yi ta lissafi na daƙiƙa biyu. Auna jiran na 30 da `clock_gettime`. Ba tare da INHERIT ba zai haura daƙiƙa biyu. Da shi zai sauko zuwa tsawon aikin na 10.

Gadon fifiko na buƙatar mai shi da aka sani. Semafo, wani kayan tsare ƙofa mai ƙirga masu shiga, ba shi da mai shi, don haka `sem_t` ba ya ba da wannan kariya. Haka abin yake a FreeRTOS, tsarin ƙananan na'urori wanda masu aiki da ESP32 suka saba da shi: abin da `xSemaphoreCreateMutex` ta ƙirƙira yana da gadon fifiko, na `xSemaphoreCreateBinary` ba shi da shi.

## Jira mai iyaka

Wannan ba a kundin saiti yake ba, a wurin kira yake. `pthread_mutex_trylock` ba ta jira; in a kulle yake ta dawo da `EBUSY`. `pthread_mutex_timedlock` na jira zuwa wani lokaci ta dawo da `ETIMEDOUT`. Lokacin da take karɓa ba tsawon jira ba ne, ƙarfe nawa ne a agogon `CLOCK_REALTIME`: karanta agogon, ƙara daƙiƙun da kake so, ka miƙa. Wanda ya miƙa mata daƙiƙa 2 kai tsaye ya ba ta wani lokaci a ranar 1 ga Janairu 1970, sai ta dawo nan take. Kuma wannan agogo na iya tsalle in an gyara lokacin na'ura. Daga glibc 2.30 akwai `pthread_mutex_clocklock`, wadda ke karɓar `CLOCK_MONOTONIC`, agogon da ba ya ja da baya.

## Haɗawa da bincike

Saitunan huɗu na shiga kundi ɗaya, kuma a Linux ana iya haɗa su: ERRORCHECK, SHARED, ROBUST da INHERIT a kan mutex guda. Ka bi kowane kira da `duba`, domin tsarin da bai goyi bayan wani saiti ba zai gaya maka ta lambar da ya dawo da ita. `std::mutex` na C++ ba ya karɓar kundin saiti; in kana buƙatar ROBUST ko INHERIT, naɗe `pthread_mutex_t` a ƙaramin aji mai `lock` da `unlock`, sai `std::lock_guard` ya yi aiki da shi kamar kowane mutex.

In shiri ya cije, kada ka kashe shi tukuna. Buga `gdb -p` da lambar furoses ɗin, sannan `thread apply all bt`. Zaren da ke jiran mutex na yau da kullum za ka ga `__lll_lock_wait` kusa da saman jerin kiransu. Buga `print makulli`, duba filin `__owner`. Lambar da ke wurin, a ce 4127, ka neme ta a `info threads` kusa da kalmar LWP. Wannan shi ne mai riƙewa, kuma jerin kiransa zai nuna maka abin da shi ma yake jira.

Kafin a kai ga nan, harhaɗa gwajinka da `-fsanitize=thread` a gcc ko clang. Yana kama bayanan da zare biyu suka taɓa ba tare da mutex ba, yana kuma gargaɗi in an kama mutex biyu a jeri masu karo da juna, ko da kiki-kakar ba ta auku a wannan gudun ba. `valgrind --tool=helgrind` na yin makamancin haka ba tare da sake harhaɗawa ba, sai dai ya fi jan ƙafa. Dukansu hanyoyin da gwajinka ya bi kawai suke gani, don haka gwajin ya taɓa hanyoyin kuskure, inda aka fi manta buɗe mutex kafin `return`.

Wajen rufewa, `pthread_mutex_destroy` na halatta ne kawai a kan mutex da yake a buɗe kuma babu mai jiransa ko mai shirin kama shi. Jira duk zare su gama da `pthread_join` tukuna. A memorin tarayya furoses ɗaya ne zai rushe shi, bayan saura sun daina amfani da shi, sannan `munmap` da `shm_unlink`. Kada ka kira `munmap` kana riƙe da mutex mai ROBUST, domin jerin da kenel zai bi in ka mutu zai nuna adireshin da babu komai a cikinsa, alamar ba za ta taɓa sauka ba.